Yadda Mataccen Maciji Ya Sari Malam Dijital

Duk wanda ya ce mataccen maciji ba ya sara, to bai san Malam Dijital ba.

Asalinsa malamin Bayoloji ne a wata makarantar sakandare. Ba ruwansa da kwamfuta, kwamfuta ma ba ruwanta da shi, ana zaune lafiya. Sai aka tura shi wani ɗan taron bita a kan yadda za a cusa ilimin kwamfuta da ladubban amfani da intanet cikin darussan kimiyya. Ba don an hango wata baiwa tattare da shi aka tura shi ba, wanda aka zaɓa ne mura ta kwantar. Rabin taron a layin karɓar shayi ya yi shi. Amma da ya dawo, sai ga shi da jaka mai tambari, da katin taro rataye a wuya wanda bai sake cirewa ba, da wata sabuwar tafiya ta ƙasaita. Ya daina cewa ya manta, sai dai ya ce memorinsa ya cika. Ɗalibai suka raɗa masa Malam Dijital don tsiya, shi kuwa ya ɗauka naɗi aka yi masa.

Iliminsa na kwamfuta kuwa, sai wanda ya gani. In ya so adana abu, gogewa yake yi. In ya so rage sauti, ƙarawa yake yi. In allon kwamfutar ya ɗauke, sai ya girgiza kai ya ce, "Ƙaramar na'ura ce, ba ta kai matsayina ba."

Ana nan sai shugaban sashen kimiyya ya yi ritaya, kujera ta zama ba kowa. Kujerar nan kuwa ba ta wasa ba ce, tana tafe da ofis mai fanka da makullin ɗakin kwamfuta. Firinsifal ya tara malamai ya ce Sufeto zai zo daga ma'aikatar ilimi ƙarshen mako, kuma masu neman kujerar su biyu, wato Malam Dijital da Malamar Kimistari, kowa zai gabatar da darasin gwaji a gaban Sufeto da iyayen yara. Wanda ya fi iya haɗa kimiyya da kwamfuta da ladabi a darasi guda, shi ne shugaba.

Malam Dijital ya yi dariya har da buga tebur.

"Ranka ya daɗe, ai da ka huta ka ba ni makullin yanzu. Me ya sa za a wahalar da baiwar Allah?"

Malamar Kimistari ba ta ko ɗago kai daga takardun da take yi wa maki ba. Ta ce, "Malam, jiya wa ya turo a kira ni in kunna masa kwamfuta?"

"Gwada ki nake yi."

"To na ci?"

"Da ƙyar."

Kafin a tashi daga makaranta ranar, har ya sa kafinta ya zana masa allon ƙofa mai ɗauke da sabon muƙaminsa. Ya kai shi gida ya jingine a falo, ya ce wa matarsa ta fara koyon zama irin na matan manya. Matar, wadda kowa ke kira Maman 'Yan Biyu, tela ce, ita ke ɗinka wa rabin makarantar yunifom, kuma Allah Ya ba ta murya irin wadda in ta kira yaro a ƙofar gida, na layin baya ma sai ya amsa. Ta dubi allon, ta dube shi, ta ce, "Allah Ya sa kada garin neman gira a rasa ido."

Ga dabarar da ta faɗo masa, wadda shi a ganinsa ba a taɓa haihuwar irinta ba. Ƙarya a waya da ƙwayar cuta a jiki, ai hanyarsu ɗaya ce: wannan ya shafa wa wancan, wancan ya shafa wa goma. To shi malamin kimiyya ne, kuma malamin kimiyya ba ya faɗar abu da baki, sai ya gwada an gani. Saboda haka zai saki wata 'yar ƙaramar ƙarya da hannunsa, ya zuba ido ya ga yadda za ta bazu, ya zana a kwamfuta, ranar Sufeto ya miƙe ya ce, "Jama'a, ni ne na yi, gwaji ne!" Sai tafi, sai makulli. Wato zai koya wa mutane illar ƙarya ta hanyar shara musu ita. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

A ɗakin gwaje-gwaje akwai wani maciji cikin kwalba, a jiƙe cikin ruwan magani. Macijin nan ya mutu tun kafin a haifi ɗaliban makarantar, ya koɗe ya yi fari, tsawonsa bai wuce igiyar takalmi ba. Malam Dijital ya faki ido ya zura kwalbar a jakar taron bita, ya kai gida, ya naɗe ta da tsohuwar jarida ya ɗora a kan firij. Ya tono wani tsohon layin waya da ba wanda ya san shi da shi, ya shige ɗaki, ya maƙale hancinsa da abin maƙale shanya, ya danna ɗaukar murya.

"Jama'a, a yi hattara! Macijin ɗakin gwaje-gwajen makaranta ya farfaɗo ya fita! A tura wa kowa!"

Ya cire abin hanci, ya jefa wayar a aljihu. Daga kicin Maman 'Yan Biyu ta ɗaga murya tana tambayarsa wani abu, ya ba ta amsa son ransa, suka ɗan taɓa hira ta bango. Can ya zaro wayar, ya danna nan ya danna can har saƙon ya tafi wurin wasu iyaye da ya san hannunsu ba ya riƙe labari. Bai saurari abin da ya ɗauka ba. Gwani ai ba ya duba aikinsa.

Wayyo, ashe wuta ya cinna a busasshiyar ciyawa.

Washegari da ya fito, mai kantin da ke kallon ƙofar makaranta ya tare shi.

"Malam, ka ji abin da ya faru? Gamsheƙa ce fa!"

"Gamsheƙa?"

"Baƙa ƙirin! Ƙanin matata ya gan ta da idonsa."

Malam Dijital ya yi murmushi a ransa, ya ce gwaji ya kama. Kafin a buga ƙararrawar shiga aji, gamsheƙa ta zama mesa. Kafin darasi na biyu, mesar ta shanye magungunan ɗakin gwaje-gwaje ta fito da kai biyu. Aka ce ta haɗiye kyanwar maigadi, alhali kyanwar na kwance a kan bencin maigadin tana lasar ƙafa, amma wa ke da lokacin kallon benci? Wani gwani kuma ya haɗa hoto a kwamfuta, ga mesa ta nannaɗe ƙofar makaranta tana leƙen titi. Mutane suna tsaye a bakin ƙofar, suna kallon hoton a waya, suna salati, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi ƙofar.

Sai ga iyaye kamar an yi sakin kasuwa. Wannan a babur, wannan a ƙafa da takalmi wari ɗaya, wata da ludayi a hannu ba ta ma san ta taho da shi ba. Kowa na ƙwala wa ɗansa kira. Wani yaro a aji ya ji igiyar jakarsa ta taɓa masa ƙafa, ya kurma ihu, ajin gaba ɗaya ya fita ta taga, har da malamin Lissafi, wanda shi ya fara fita.

Firinsifal ya fito da niyyar kwantar da hankalin jama'a. Mutum ne mai jiki, mai tumbi, mai son a ce ba ya tsoro. Yana cikin cewa, "Ku natsu, ba wani maciji a makarantar nan," sai idonsa ya sauka a kan baƙin tiyon ban ruwan fulawa da ke kwance a bayansa. Bai ƙarasa maganar ba. Ya afka ofis ya daka tsalle ya haye tebur, tebur ya ce bai san wannan ba, ya rabe biyu. Aka fito da shi a hannu, ƙafa ta targaɗe.

A nan murmushin Malam Dijital ya fara tsukewa. Ya shiga ɗakin kwamfuta don ya zauna ya yi tunani, sai wayar caja ta goge shi a idon sawu. Wallahi sai da ya tsinci kansa a barandar waje, bai san ta inda ya bi ba. Mutumin da ya ƙirƙiri macijin da bakinsa ke nan. Bai samu natsuwa ba sai da ya garzaya gida, ya ɗaga jaridar ya leƙa, ya ga abinsa na nan kwance a kwalba yadda ya bar shi.

Yana sauke ajiyar zuciya sai ga Maman 'Yan Biyu ta shigo, riƙe da hannun 'yan biyun, tana haki.

"Kai kana nan kana leƙen kwalba, 'ya'yanka na can bakin mesa! Ba za su sake taka makarantar nan ba sai an kashe ta."

"Haba, ke ma kin yarda da wannan?"

"Ba ka ji saƙon ba? Na tura maka, na tura wa Yaya, na tura wa duk masu kawo min ɗinki." Ta danna, muryar mai toshasshen hanci ta fito, ta katse da sauri kamar macijin zai biyo ta wayar. "Ni muryar nan kamar na san ta."

Ya yi wuf ya ce, "Ta wa?"

"Oho. Amma ko wane ne, daga ji ka san ba shi da cikakken hankali. Allah dai Ya saka masa da alheri da ya sanar."

Washegari makaranta ta zama kufai, malamai sun fi ɗalibai yawa. Firinsifal ya kira taro, ƙafarsa naɗe a kan kujera, fuskar nan kamar hadari. Malamar Kimistari ta ce ita dai ta shiga ɗakin gwaje-gwaje ta duba.

"Ranka ya daɗe, ba fasasshen gilashi a ƙasa, ba ɗigon ruwa. Kwalbar ce gaba ɗaya babu. Ni dai ban taɓa jin macijin da ya gudu ɗauke da kwalbarsa ba."

Firinsifal ya daki hannun kujera.

"Wato mutum ne ya yi min wannan! Na rantse, in na kama shi, sai ya gwammace macijin ne ya sare shi!"

Nan Malam Dijital ya sha jinin jikinsa. Batun miƙewa a ce "ni ne, gwaji ne" ya mutu murus. Mai hankali a nan sai ya ja bakinsa ya tsuke. Amma shi shiru ciwo ne a wurinsa, kuma yana ganin kamar Malamar Kimistari na kallonsa. Sai ya gyara katin wuyansa ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, wannan aikin 'yan kutse ne. Manyan ƙwararru ne daga nesa. Ba kowa zai gane ba, amma ni a taron bita an koya mana yadda ake kamo irinsu. Kwamfuta kawai zan sa wa muryar, ta tace ta, ta fito da mai ita tsirara."

"Za ka iya?"

"Kamar shan ruwa."

"Madalla!" in ji Firinsifal. "Darasinka ke nan na gobe. A gaban Sufeto, a gaban iyaye, ka fito min da shi."

Baki dai shi ke yanka wuya. Malam ya koma gida yana lallashin kansa. Abu mai sauƙi ne: zai sa farkon saƙon, ya tsayar, ya daddanna maɓallai, ya zuba musu manyan kalmomi har kansu ya yi zafi, sannan ya ce binciken ya nuna mai laifin yana wata ƙasa mai nisa. Wa zai je ya duba?

Ranar gwaji babban zauren taro ya cika maƙil, don an ji za a tona asirin mai maciji. Sufeto na zaune a gaba, siririn dattijo mai tabarau, ba ya dariya ba ya fushi. Maman 'Yan Biyu ta samu layin gaba, ta sha sabon ɗinki, ta zo ganin naɗin mijinta.

Malamar Kimistari ta fara. Ta sa ɗalibai suka auna zafin ruwa yana hucewa, suka shigar a kwamfuta, zane ya fito a bango. Ta ce yadda ba a yarda da sakamakon gwaji sai an duba an sake dubawa, haka ba a tura labari sai an ji shi duka an san tushensa. Ta zauna. Malam Dijital ya yi hamma da ƙarfi don kowa ya ji.

Sai ya hau dandamali, ya haɗa kwamfuta da lasifika, ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, abin da kuka gani yanzu wasan yara ne. Yanzu za ku ga kimiyya! Darasinmu na yau: mai yaɗa ƙarya a intanet ya fi sauro illa. Mutum ne marar tarbiyya, marar kunya, marar tsoron Allah!"

"Ƙwarai!" in ji zauren.

"Irin wannan, ko ɗan'uwanka ne, kada ka rufa masa asiri!"

"Ko mijinka ne!" in ji Maman 'Yan Biyu daga layin gaba. Aka yi dariya aka tafa mata.

Sufeto ya ɗaga biro. "Malam, a sa mana saƙon mu ji."

Ya danna. Muryar mai toshasshen hanci ta cika zauren: "Jama'a, a yi hattara! Macijin ɗakin gwaje-gwajen makaranta ya farfaɗo ya fita! A tura wa kowa!"

Malam ya kai hannu zai tsayar. Sai Sufeto ya nuna bango da bironsa.

"Dakata. Na ga layin nan da saura da yawa. Maganar ta ƙare, amma saƙon bai ko yi rabi ba. Akwai wanda ya taɓa jin sa har ƙarshe?"

Aka dubi juna. Zaure guda, iyaye da malamai da ɗalibai, kowa ya tura saƙon nan, ba ko mutum ɗaya da ya saurare shi har ƙarshe. Malam Dijital ma sai a lokacin ya lura da tsawon layin. Ya tuna ya jefa waya a aljihu. Bai tuna ya tsayar da ɗauka ba.

"Ranka ya daɗe, sauran duk ƙarar iska ce, ba amfani. Bari in rage."

Ya kai yatsa don ya rage sauti, kuma kun san hannun Malam. Ya ƙure shi har ƙarshe. Lasifika ta yi ƙara, aka ji shafar yadi kamar waya na cikin aljihu, sannan wata murya ta fasa zauren, muryar da duk wanda ya taɓa kai ɗinkin yunifom ya sani:

"Baban 'Yan Biyu! Wace irin kwalba ce wannan ka naɗe ka ɗora min a kan firij? Sai warin asibiti take yi!"

Kawunan zauren gaba ɗaya suka juya layin gaba. Maman 'Yan Biyu ta dafe ƙirji. Malam ya daka wa maɓallai duka da tafin hannu, ba abin da ya tsaya. Sai ga muryarsa, tangaran, ba toshewar hanci:

"Kayan gwamnati ne, kada ki taɓa! Ke dai ki shirya zama matar shugaban sashe. Gobe za ki ji labari. Wannan Firinsifal ɗin namu mai tumbi, ko tsumma ya gani sai ya haye tebur!"

Ya duƙa ya fizge waya daga bango. Fanka ta tsaya. Ya fizge wata, hoton bango ya ɗauke. Lasifika kuwa ko a jikinta.

"Ita kuma Malamar Kimistari, in na hau kujera, wankin kwalabe zan mayar da ita. Iyayen yaran nan kuwa, ai tumaki ne, ɗaya ta yi tsalle sauran sun bi!"

Malam Dijital ya rungume lasifikar da jikinsa yana son toshe ta da ciki, sai ga dariyarsa ta cikin saƙon tana fitowa ta ƙarƙashin hammatarsa, ƙyal-ƙyal-ƙyal, har ta ƙare don kanta.

Sai zauren ya kaure da hayaniya.

"Mu ne tumaki?"

"Na rufe shagona yini guda saboda kai!"

"Ni takalmina har yau wari ɗaya ne!"

Firinsifal ya miƙe a kan ƙafa ɗaya yana nuna shi da sandar dogarawa. Malam ya saki lasifika ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku tsaya! Gwaji ne! Kimiyya ce! Ai da ma na shirya zan faɗa..."

"Kimiyyar gidanku!" Maman 'Yan Biyu ce ta miƙe, ɗankwali ya zame. "Wato ina ta gudu da 'ya'yana a titi saboda maciji, ashe macijin na kan firij ɗina, kusa da kwanon abincin yara? Ni da na ce mai muryar ba shi da cikakken hankali, ashe ban yi ƙarya ba!"

Sufeto ya ƙwanƙwasa tebur har aka lafa. Ya cire tabarau ya goge.

"Na daɗe ina zagaya makarantu," in ji shi, "ban taɓa ganin darasin ladubban intanet da ya shiga kan mutane kamar wannan ba."

Malam Dijital ya ɗago kai. Wallahi har ya fara gyara katin wuyansa.

"Saboda haka a adana muryar nan. Duk shekara a sa wa sababbin ɗalibai ita, daga farko har ƙarshe, su ga abin da ba a yi. Makulli kuma a ba Malama."

Allon ƙofar da kafinta ya zana bai yi asara ba. Maman 'Yan Biyu ta sa shi a ƙarƙashin ƙafar keken ɗinkinta da ke girgiɗi, ya zauna daram. Jakar taron bita kuma ta ƙwace ta zuba ƙyallaye, ta ce macijin da ya shigo mata gida a ɓoye, a fili zai fita.

Haka Malam ya doshi makaranta da safe, rungume da kwalba a ƙirji, ba jarida ba komai. Mai kanti ya leƙo ya ce, "A'a, Malam, mesar ce ta rame haka?" Yana shiga ƙofa ya tarar da ɗalibai jere a filin taro, sabuwar shugabar sashen kimiyya na tsaye a gabansu, makulli na lilo a hannunta. Nan take wayoyin da aka ɓoye a aljihu da safa suka fito, aka saita shi.

"Kai! Ku sauke!" in ji Malamar Kimistari. "Me na koya muku? Ba a ɗaukar hoton mutum sai da izininsa."

Wayoyi suka sauka. Malam Dijital ya ji wani sanyi a ransa, har ya buɗe baki zai yi mata godiya. Sai makarantar gaba ɗaya ta haɗa baki, cikin ladabi, har da rusunawa:

"Malam, don Allah ka ba mu izini?"